Sharhi: Shuɗin Junifa Na Turai Da Lissafin Masu Sana'ar Fulawa A Nijeriya

Duk wanda ya bi manyan titunan Abuja, ko Ikko, ko Fatakwal, ko Kaduna, ba zai rasa ganin jerin baƙaƙen ledoji cike da ƙasa a bakin hanya ba, kowace da tsiron da ake reno a cikinta, ga masu su a gefe suna ban ruwa. Sana'ar sayar da fulawa da itatuwan ado, wadda a da ake yi wa kallon aikin gadina a gidajen Turawa, ta zama hanyar cin abinci ta mutane masu yawa, har ta haifar da 'yan kwangila waɗanda ba su da wani aiki sai ƙawata harabar otel-otel da bankuna da rukunin gidaje. Tare da bunƙasar sana'ar kuma wata ɗabi'a ta shigo. Mai gida zai ga hoton lambun wani gida na Ingila ko Jamus a wayarsa, ya miƙa wa ɗan kwangila, ya ce irin wannan yake so, ko nawa ne zai biya.

Daga cikin itatuwan da ke yawan fitowa a irin waɗannan hotuna akwai wani ɗan guntun itace da ake kira Blue Star, wato shuɗin tauraro, daga dangin da masana ke kira junifa. Bai cika wuce tsayin gwiwa ba, a dunƙule yake kamar an kifa ƙwarya, ganyensa ƙanana ne masu tsini kamar allura, launinsa shuɗi ne mai hasken azurfa, kuma ba ya kakkaɓe ganye rani da damina. Kyau kam yana da shi. Sai dai duk ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jari wajen shigo da shi, ko ɗan kwangilar da zai karɓi kuɗin mutane da alkawarin zai raya shi a Abuja ko Ikko, ya kamata ya fara sanin daga ina itacen ya fito da kuma abin da yake bukata, domin a mafi yawan faɗin ƙasar nan kuɗin da za a kashe a kansa asara ce da aka jinkirta ganinta.

Asalin kakan wannan itace, wanda masana ke kira Juniperus squamata, ɗan tsauni ne. Yana fitowa da kansa a kan duwatsu tun daga Afganistan, ya ratsa tsaunukan Himalaya, ya shiga yammacin ƙasar Sin har zuwa Taiwan, a wuraren da tsayinsu ya kama daga mita 1,600 zuwa kusan mita 4,900 daga doron teku. Can ƙasa ce ta tsakuwa da gangare, ruwa ba ya kwanciya, dare da sanyi ko da a lokacin zafi, kuma dusar ƙanƙara na rufe shi na tsawon watanni ba tare da ya damu ba. Wani nau'insa mai shuɗin ganye da masu lambu na ƙasar Sin suka daɗe suna reno ya isa Amurka wajen shekarar 1914 ta hannun Frank Meyer, haifaffen ƙasar Holan wanda Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ɗauka aikin yawon neman tsirrai a Asiya. Aka sa wa nau'in sunansa, Meyeri, ya bazu a gandayen renon itatuwa na Turai. Amma Meyeri yana da aibi ga mai ƙaramin lambu: yana girma ya wuce tsayin mutum, rassansa su bazu ba tsari, busassun ganye su maƙale a jikinsa.

A nan ne labarin ya zama na kasuwanci. Wajen shekarar 1950, a wani gandun renon itatuwa da ke yankin Boskoop a ƙasar Holan, aka lura da wani cunkuson ƙananan rassa a jikin wani Meyeri, irin wanda Turawa ke kira tsintsiyar mayya. Daga nesa mutum zai ɗauka kauci ne ya kama itacen, alhali kuwa daga jikinsa ya fito, wata tawaya ce ta halitta da ke sa reshe ɗaya ya daina miƙewa ya dinga cunkushewa wuri guda. Mai gandun bai sare ya yar ba. Ya yanki rassan ya dasa, ya ga sun riƙe gajartarsu da launinsu, ya sake yanka daga waɗanda suka kama ya sake dasawa, yana tarawa. Ba a fitar da itacen kasuwa ba sai a shekarar 1964, wato bayan kimanin shekara 14 ana reno ba a karɓi ko kwabo ba. Daga wannan reshe guda ɗaya duk Blue Star da ke lambunan Turai da Amurka da Japan ya samo asali, domin ba a samunsa ta hanyar shuka iri. Ƙungiyar harkar lambu ta Ingila ma ta ba shi lambarta ta yabo, wadda takan ba tsiron da aka gwada aka tabbatar da ingancinsa a lambunan ƙasar.

Yadda ake renonsa a ƙasashen da ya karɓa ba shi da wuya, kuma sauƙin nan ne ke ruɗar mai karanta bayanin daga nesa. Ana zaɓar masa wurin da rana ke bugawa aƙalla awa 6 a yini, domin a inuwa shuɗin yakan dushe, rassan su yi sako-sako. Ƙasar kuma dole ta zama mai tsane ruwa nan da nan. Masu lambu kan gwada ta hanyar haƙa rami su cika shi da ruwa. Idan ruwan ya kwana bai tsane ba, wurin bai dace ba sai an ɗaga shi an cakuɗa da tsakuwa da rairayi. Ramin dashe ana yinsa da faɗi ninki biyu na tukunyar da itacen ya zo a ciki, amma ba a zurfafa shi fiye da tukunyar, saboda idan wuyan itacen ya nutse cikin ƙasa ruɓewa zai yi. Ana barin tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin wani da wani, a baza tsakuwa a gindi maimakon ruɓaɓɓen ganye mai riƙe danshi. A shekarar farko ana ba shi ruwa a kai a kai har saiwa ta kama, daga nan sai a rage sosai. Taki kaɗan yake so, yawansa ma cutar da shi yake yi. Aski kuwa kusan ba ya bukata, kuma wanda ya datse shi har ya kai ga tsohon itacen da ba ganye ya yi masa tabo na har abada, domin junifa ba ta tohowa daga tsohon reshe. Shuɗin nan da ake sha'awa wani siririn kaki ne da ya lulluɓe ganyen, yana kare shi daga rana da bushewa. Idan aka fesa masa maganin ƙwari mai mai a ciki, kakin ya narke, itacen ya koma kore kamar kowane.

Girmansa kuma na hawainiya ne. A cikin shekara 5 da ƙyar yake kai santimita 30, sai ya daɗe ƙwarai kafin ya kai iyakarsa ta santimita 60 zuwa 90. Reshen da aka yanka don dashe yakan ɗauki watanni kafin ya yi saiwa, sa'an nan a yi renonsa shekara biyu zuwa uku kafin ya kai girman da mai saye zai dube shi. Ke nan tsadarsa a kasuwannin Turai kuɗin lokaci ne da na wurin da ya tare a gandu.

To, ina matsalar take ga Nijeriya? Takardun bayani na masu sayarwa suna cewa itacen yana jure fari, kuma gaskiya ne. Amma jure fari a ƙasar da zafin bazararta bai cika wuce digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Selsiyos ba, kuma dare ke yin sanyi, daban yake da jure watan Afrilu na Kano ko Sakkwato inda zafi ke kai digiri 40 ya wuce, tsakuwar da aka baza a gindi ta zama kamar kasko. Bisa ga tsarin da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ke bi na raba ƙasa shiyya-shiyya gwargwadon tsananin sanyi, an ajiye Blue Star a shiyya ta 4 zuwa ta 8. Ma'ana, yana iya tsira daga sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, amma masanan lambu na can sun yi ittifaƙi cewa ba ya jure zafi mai haɗe da danshi irin na kudancin ƙasarsu. Idan kudancin Amurka, wanda ke da lokacin sanyi na gaske, ya gagare shi, ba a bukatar dogon bincike kafin a san abin da zai same shi a Ikko ko Fatakwal, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara. Cunkoson rassan da ya sa yake da kyau shi ne ke hana iska ratsa shi, danshi ya zauna a ciki, cutar da ke busar da kan rassa ta samu gida, ta ƙasa kuma ruɓewar saiwa ta biyo. A arewa inda danshi ya yi ƙaranci, wani mitsitsin ƙwaro mai kama da gizo-gizo da ke tsotse ganye ya fi samun ƙarfi a lokacin zafi da ƙura, ga shi kuwa hunturu da bazara ba su rasa ko ɗaya.

Akwai wata halayya ta junifa da ta fi shafar ɗan kwangila fiye da kowa. Itacen ba ya nuna mutuwarsa da wuri. Saiwa na iya ruɓewa sarai amma ganyen ya ci gaba da riƙe launinsa har makonni. Saboda haka za a dasa, a ɗauki hoto, mai gida ya yaba ya biya cikon kuɗi, sai bayan wata biyu ko uku a ga shuɗi ya koma ruwan toka, ruwan toka ya koma ja. A lokacin ba abin da za a iya yi. Mai gida zai zargi gadina, gadina ya zargi ɗan kwangila, shi kuma ya zargi wanda ya shigo da kayan. Sana'ar ƙawata gidaje kuwa ta baki ce, wani ke gaya wa wani. Harabar banki guda da ta bushe a kan babban titi ta isa ta kore wa mutum kwangila goma.

Masu ra'ayin a gwada suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sukan ce ai yawancin itatuwan da ake tinƙaho da su a yau baƙi ne. Dogon yaro daga Indiya ya fito, an fara dasa shi a lardin Borno a shekarar 1928, yau ga shi ya zama kamar ɗan gida daga Maiduguri har Birnin Kebbi. Mangwaro ma daga Asiya yake, haka nan doguwar bishiyar nan mai saukakkun ganye da ake jerawa a jikin katangun gidaje. Wannan duk gaskiya ne. Abin da aka manta shi ne dukansu daga ƙasashe masu zafi suka zo, masu rani da damina irin na nan. Sun sauya ƙasa ne kawai, yanayin bai sauya musu ba. Blue Star kuwa ana neman ya sauko daga tsaunin ƙanƙara zuwa fadama.

Inda maganar gwaji ke da ma'ana shi ne kan tuddai. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, darenta na Disamba da Janairu kan yi sanyi sosai, kuma dankalin Turawa da sauran kayan lambun ƙasashen sanyi sun daɗe da karɓar ƙasar. Tudun Mambila a Jihar Taraba ya fi haka tsayi, kimanin mita 1,600, shi ya sa ake noman ganyen shayi a can, haka nan tudun Obudu a Jihar Kuros Riba. Ba abin mamaki ba ne junifa ta rayu a kan tudun Afirka, domin akwai wani nau'inta, doguwar bishiya, da ke fitowa da kansa a tsaunukan Habasha da Kenya. Duk da haka ko a Jos sai an yi hattara. Ruwan sama na shekara a can yakan kai kimanin milimita 1,400, mafi yawansa a cikin 'yan watanni, Mambila kuma ta fi haka jiƙa. Wanda zai gwada sai ya ɗaga kunya, ya cika ta da tsakuwa, ko ya yi renon a tukwane ƙarƙashin rumfar da ke tare ruwan Yuli da Agusta amma ba ta tare rana. Kuma ya fara da 'yan kaɗan, ya bar su su ga damina biyu da bazara biyu kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ko da ya yi nasara, sai ya tambayi kansa wa zai sayar wa, tun da masu kuɗin da ke son itacen suna Abuja da Ikko, wato daidai wuraren da ba zai rayu ba. Kasuwar ta taƙaita ga gidajen kan tudun da 'yan wuraren shaƙatawa.

Lissafin kuɗin ma ba ya goyon bayan gaggawa. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dalar Amurka da ake samu a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. A watan Nuwamban 2024 kuma bankin ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa a lokacin sukan ba da rance sama da haka. Kayan da aka saya da kuɗin waje, aka ɗauko a jirgin sama, sa'an nan aka ajiye shekara uku kafin a ga riba, ba irin kayan da ake ci wa bashi ba ne. Ga kuma ƙa'idar Hukumar Killace Kayan Gona ta Nijeriya, wadda ke bukatar takardar izinin shigowa tun kafin kaya su taso, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi. Wanda ya tsallake wannan ya sa tsiro a jakar tafiya yana iya rasa kayan a filin jirgi, mafi muni kuma ya shigo wa gandunsa da na maƙwabta da cutar da ba a san maganinta a nan ba. Sayen irin wannan kaya ta intanet bisa ga hoto kawai cinikin biri a sama ne.

Abin da ya fi cancanta ɗan kasuwar Nijeriya ya ɗauka daga labarin Blue Star shi ne aikin da mai gandun nan na Holan ya yi. Holan ba ta da tsaunin Himalaya, junifar ba tata ba ce, amma ita ta ci ribarta saboda wani ya lura da reshe guda da ya bambanta, ya yi haƙurin tara shi, ya ba shi suna. An riga an yi wa tsirran ƙasar nan irin wannan, ribar kuma ta tafi wani wuri. Tsiron nan mai dogon ganye kamar takobi, dangin moda, wanda ake ajiyewa a tukwane cikin ofisoshin duniya, asalinsa Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya zuwa Kwango. A shekarar 1939 aka ga wani gajeren nau'insa a wani gandu a birnin New Orleans na Amurka, aka yi masa rajistar mallaka a 1941 da sunan Hahnii, har yau ana sayar da shi a ko'ina. Kariya kuwa, wadda ke tsaye a dajin Sahel da bakin garuruwan arewa ba mai kula ta, masu gandu na Tailan da Taiwan sun ɗauke ta, sun yi ta haɗa iri da zaɓe har suka fitar da masu fure ja wur, da fari, da masu ruɓi biyu, suna yi musu aure a kan gindin kariya ta gari kamar yadda ake yi wa mangwaro, suna fitarwa ƙasashen waje. Itace ne da ba ya neman ruwa mai yawa, rana ba ta dame shi ba, kuma ya dace da tukunya, wato duk siffofin da ake yaba Blue Star da su, amma a yanayin da ake da shi a nan. Abin kiyayewa kawai shi ne ruwan jikinta dafi ne, ba a barin yara da dabbobi kusa.

A da mai gandu na iya cewa ko ya wahala ya fitar da sabon nau'i, maƙwabcinsa zai yanki reshe ya dasa ya sayar ba tare da ya biya shi komai ba. Wannan uzuri ya ragu tun watan Mayun 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon nau'in tsiro, wadda ke ba mai rajista kariya ta shekara 20, itatuwa kuma shekara 25, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa. Doka a takarda daban, aiwatarwa daban, kuma ƙungiyoyin masu sana'ar fulawa ne ya kamata su matsa a sauƙaƙa rajistar ga ƙaramin mai gandu wanda ba shi da lauya. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a shekarar 1975, kuma itatuwan ado na cikin aikin da aka ɗora mata; wurin da ya dace mai jari ya fara kai tambayarsa ke nan kafin ya kai kuɗinsa Holan.

Jarin da ake bukata don fara irin wannan zaɓe bai kai kuɗin jirgin akwati guda na junifa ba: fili mai rana, ledoji, rairayi, iri da aka tara daga kariya daban-daban, da littafin da za a dinga rubuta wace ta fito daga wace. Kariyar da aka shuka daga iri, idan ta samu kulawa, takan yi fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu, saboda haka mai gandu zai san ko ya dace da sabon launi tun kafin reshen Blue Star da aka dasa rana ɗaya da ita ya kai girman sayarwa.